Kuros a Fasfon Fortune

Ranar Talata ce da hantsi. Insifekta Mahfuz ya kai lomar masa ta biyu baki kenan sai Saja Charity ta leƙo ofishinsa.

"Yallaɓai, akwai mai ƙorafi a kanta. An sace fasfo."

"A rubuta bayani, a ba da takardar ɓata. Sai an kira ni?"

"Na ƙasar waje ne. Kuma gobe ne tafiyar."

Ya rufe kwanon yana harararsa kamar shi ya yi laifin. Wata uku kenan da aka yo wa bawan Allahn nan canji daga Kano zuwa Bauchi. Bai gama sanin unguwanni ba, amma masar garin kam ya san ta, kuma ba ya son a raba shi da ita tana tururi.

Mai ƙorafin ya shigo: dogo, gashi a aske, baƙar riga da baƙin wando irin na masu makoki, murya ba kauri ba siriri. Shekara ashirin Insifekta yana aikin ɗan sanda, amma ranar sai ya ji harshensa ya tsaya tsakanin "ka" da "ki".

"Zauna," ya ce, don ita wannan kalma ba ruwanta da mace ko namiji. "Yaya sunanku?"

"Fortune Dauda. Ni kaɗai ce, yallaɓai, ba sai ka ce ku ba. A gida 'ke' ake ce mini, kuma ina amsawa."

To, tun da mai suna ta faɗi yadda take amsawa, mu ma haka za mu kira ta.

Ta yi bayani a nutse. Shekara goma sha ɗaya tana Kanada, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Rasuwar mahaifinta ce ta kawo ta gida, hutun mako biyu aka ba ta. Gobe ƙarfe shida na safe motar Abuja za ta tashi, jirgi kuma da yamma. Jiya ta fita da safe zuwa GRA karɓo takardun marigayin, ta dawo bayan azahar. Yau da ta buɗe akwati, fasfo ya ce ɗauke ni inda kika ajiye.

"In ban koma ranar Litinin ba, wani za a ba gurbina. Kafin a yi mini wata takardar kuwa, jirgi ba ya jira."

"Me kuma aka ɗauka?"

"Babu. Ga kwamfuta, ga agogon Baba, duk suna nan." Ta sassauta murya. "Akwai abin da za ka gani idan ka same shi, gara ka ji daga bakina. Gurbin da ake rubuta jinsi, ba M ba ne a ciki, ba F ba ne. X ne."

"Kuskuren bugawa?"

"A'a. Mata-maza aka haife ni. A can, wanda bai ga kansa a ɗaya daga cikin biyun ba yana iya neman a sa masa X. Na nema, aka sa."

Insifekta ya ajiye biro. Ya tuna malaminsu na zaure yana karantar da babin gado, inda aka ware wa irin wannan halitta hukuncinta. A lokacin ya ɗauka abin cikin littafi ne kawai. Ashe ga shi zaune a kan bencin ofishinsa, da ciwon kai irin na kowa.

"Wa ya san da wannan?"

"Mama. Sai Baffa Obadiya, ƙanin Baba, shi zargi yake yi. Yallaɓai, ba na son maganar ta shiga unguwa. Ni zan tafi, Mama ce za ta zauna da bakin mutane."

"Ba za ta fita daga bakina ba. Mu je gidan."

Gidan yana Yelwa, mai koren ƙyaure, har yanzu kujerun roba na zaman makoki suna jere a tsakar gida. Mama Roda na zaune a barandar ɗakinta cikin baƙin zani da baƙin ɗankwali. Tsohuwar malamar firamare ce, shekara talatin da huɗu tana riƙe da alli kafin ta yi ritaya, kuma har yau in ta dubi mutum sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba.

"Sannu Mama. Allah Ya ba da haƙuri."

"Amin, ɗana. Sannunku da aiki."

"Jiya kina gida?"

"Ina zan je? Tun da aka binne maigidana ban taka ƙofar nan ba."

"Wa ya shiga ɗakin Fortune?"

"Ban ga kowa ba. Masu gaisuwa dai suna shiga suna fita."

Ya duba ƙofar ɗakin. Kwaɗo lafiya lau, ba alamar an taɓa shi da ƙarfe. Ya buɗe akwatin. Riguna a ninke, kusurwa kan kusurwa, safa an naɗe ta bibbiyu.

"Haka kika bar su?"

Fortune ta yi 'yar dariya, ta farko tun safe. "Ni? Ban taɓa ninke kaya ba a rayuwata. Cusawa nake yi in hau kai in zauna."

Insifekta ya rubuta a littafinsa: ɓarawon gida ne, kuma mai tsabta.

Suna fitowa sai ga wani dattijo gajere mai tumbi ya shigo yana faɗa tun daga ƙofa.

"Wa ya kawo mana 'yan sanda gidan makoki? Kabarin yayana bai bushe ba."

"Baffa Obadiya kenan," in ji Fortune a hankali.

"Ni ne. Kuma na faɗa a taron dangi, zan sake faɗa. Gonar da ke Inkil ba za a raba ta ba sai mun san rabon da za a ba wannan, na ɗa ne ko na 'ya. A nuna mana takarda."

Insifekta ya ɗaga gira. Mai neman takarda, ga takarda ta ɓace. Ya ce wa Saja Charity ta tsaya ta ɗauki bayanin dattijon, shi kuma ya taka shi kaɗai zuwa bakin titi inda masu Keke ke tsayawa.

Na uku da ya tambaya shi ne Babayo, wani Bafulatani mai furfura a gemu, yana goge gilashin Kekensa da tsumma.

"Gida mai koren ƙyaure? E, jiya da hantsi na ɗauki mutum a nan. Ya ce in kai shi Wunti, layin masu buga takardu."

"Ka san shi?"

"A'a. Kwana biyar kenan da na fara tsayawa a nan, da a Gubi nake ɗaukar ɗalibai."

"Babba ne ko yaro?"

"Babba ne, ya manyanta. Yana riƙe da leda, ya ƙanƙame shi a ƙirji kamar za a ƙwace. Har muka isa bai ce komai ba sai ajiyar zuciya."

"Wane shago ya shiga?"

"A bakin layi na sauke shi. Shago ya fi arba'in a wurin, yallaɓai."

Insifekta ya yi masa godiya, ya juya da sauri. Dattijo ɗaya ne namiji mai shiga gidan nan kamar nasa. A ransa ya riga ya rufe fayil, har yana lissafin ko masar za ta ɗumamu.

A caji ofis aka zaunar da Baffa Obadiya.

"Jiya daga ƙarfe tara zuwa azahar ina kake?"

"Coci. Ni dattijon ikilisiya ne, kowa ya sani."

"Ranar Litinin da safe?"

"Taron kwamiti."

Saja Charity ta yi gyaran murya. "Baba, cocinmu ɗaya da ku. Kwamiti ranar Alhamis yake zama."

"To asibiti na je."

"Wane asibiti? Ina katin?"

Gumi ya fara tsattsafo masa. Ya ciro hankici, ya mayar, ya sake cirowa.

"Malam Obadiya, ina fasfon?"

"Wallahi, na rantse da Littafi, ko kalarsa ban sani ba."

"Wane shago ka kai shi a Wunti?"

"Wunti kuma? Rabona da Wunti tun Kirsimeti."

Haka aka yi ta jan igiya har aka kira azahar, aka idar, rana ta fara karkata. Fortune na zaune a benci a waje tana duba agogo. Daga ƙarshe Insifekta ya gaji, ya ce a sa dattijon a mota, a kai shi gaban wanda ya ɗauke shi.

Suka tarar da Babayo a inda suka bar shi, yana cin rake.

"Malam Babayo, duba da kyau. Wannan ne ka kai Wunti jiya?"

Babayo ya dubi Obadiya tun daga hula har takalmi, ya tofar da ɓawon rake.

"Ba shi ba ne. Wancan bai da tumbi. Kuma yana da ɗankwali."

"Yana da me?"

"Ɗankwali baƙi, da zani baƙi. Tsohuwa ne ai."

Saja Charity ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah, amma dariyar ta fi ƙarfinta.

"Malam Babayo," in ji Insifekta, yana jan kowace kalma, "ka ce mini ya ce ka kai shi."

"E, haka ya ce."

"Mace ce?"

"Mace ne. Ai ba ka tambaye ni ba."

"Yallaɓai," Charity ta share ido, "nan fa Bauchi ne. Rabin garin nan Hausa ba ita ce ta nono ba. Kakata har ta rasu 'matarsa ya haihu' take cewa. In mutum ya ce maka 'shi', sai ka tambaya riga ya sa ko zani."

Insifekta ya dafe goshi. Da safe ya yi ta taka-tsantsan kada ya kira mutum ɗaya da abin da ba shi ba, sai ga shi ya ɓata rabin yini a kan "ya" guda ɗaya da bai ma tsaya ya duba ba. Ya tuna rigunan nan da aka ninke kusurwa kan kusurwa. Ya tuna wadda take zaune a baranda cikin baƙin zani.

Ya juya ga Obadiya. "To kai ina ka je, da ka hana mu sakat?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya rage murya. "Gidan burukutu. Baƙin cikin yayana ne. Don Allah kada Fasto ya ji."

"Tafi gida, Baba," in ji Charity. "Ni ban ji komai ba. Amma maganar gona a rage mata ƙarfi."

Ya tafi har yana tuntuɓe.

"Mu koma wurin Mama?" Charity ta tambaya.

"A'a. Ta yi mana ƙarya sau ɗaya, za ta iya ƙarawa, kuma lokaci ba namu ba ne. Wanda ya kai fasfo layin masu buga takardu ba ajiya ya kai ba, gyara ya kai. In reza ta taɓa shafin nan, an kashe fasfon, kuma mai shi ce za a kama a filin jirgi. Wunti."

A bakin layin akwai wata mai sayar da kunun zaƙi, idonta kamar na shaho. Da an tambaye ta dattijo namiji da ba ta tuna ba, amma tsohuwa cikin baƙaƙen kaya?

"Na gan ta. Ta yi ta tambaya shago-shago ana girgiza mata kai. Can ƙarshe ta shiga wurin Ja'afaru."

Shagon Ja'afaru ɗan ƙarami ne, duhu, katunan biki a manne a bango. Shi kansa yana kwance a benci yana fifita da kwali.

"Ranka ya daɗe, ni katin aure nake bugawa da kalanda. Fasfo? Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba."

"Ba wata tsohuwa da ta zo jiya?"

"Tsofaffi suna zuwa kullum."

"Buɗe wannan durowar."

"Makullin ya ɓata."

Saja Charity ta ja durowar da yatsa ɗaya, ta buɗe. A ciki ga reza, ga 'yar kwalba mai warin kanwa da fetur, ga takardun haihuwa da na kammala makaranta na mutane daban-daban, wasu an kankare shekara, wasu an kankare suna. A ƙasansu ga baƙar leda.

Insifekta ya buɗe ledar da kansa. Ya buɗe fasfon, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya shafa shafin da babban yatsa. Sumul. Ga hoton Fortune, ga X ɗinta zaune daram.

Ya sauke numfashin da ya riƙe tun daga Yelwa. "Alhamdu lillahi."

"Ban taɓa shi ba, ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru, muryarsa ta koma ta akuya. "Shafin roba ne, sai da injin zafi. Tun jiya ba a kawo wuta ba, janareta kuma ya ƙi tashi."

"Da an kawo fa?"

Charity ta sa wa Ja'afaru ankwa.

A cikin ledar akwai 'yar takarda da aka yago daga littafin rubutu. Da jan biro, da rubutu mai kyau wanda kowane harafi ya zauna a kan layi, an rubuta: A cire X. A sa F.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka koma Yelwa, suka tarar Fortune ta riga su dawowa gida. Insifekta ya roƙi masu gaisuwa su ɗan ba su wuri. Aka rage su huɗu a baranda. Ya miƙa wa Fortune fasfon. Ta buɗe, ta duba, ta rufe, ta zauna a dandamali.

"Wa ya ɗauka?" ta tambaya.

Insifekta ya ajiye 'yar takardar a kan cinyar Mama Roda.

Tsohuwar ta dube ta. Ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara zaman ɗankwalinta.

"Rubutuna ne."

"Mama?"

"Na shiga in ninke miki kaya, don na san halinki. Sai na gan shi. Na buɗe in ga hotonki." Ta juya ga Insifekta, kamar shi ya fi sauƙin kallo. "Ɗana, shekara talatin da huɗu ina duba littattafan yara. Wanda ya yi daidai in ja masa maki. Wanda ya faɗi in buga masa kuros. Ban san wata ma'anar wannan alama ba. Ranar da na haifi yarinyar nan, ungozoma ta yi shiru, likita ya kira mu gefe ya ce sai mun zaɓa. Babanta ya ce ke ce uwa. Na zaɓa. Na sa mata suna, na huda mata kunne, na tsare ta daga bakin duniya. Sai ga shi Turawa sun duba aikina sun buga kuros."

"Shi ya sa kika kai Wunti?" in ji Insifekta.

"Na ce kafin Obadiya ya gani ya kai taron dangi, gara a gyara. Kuskure ai gyara shi ake yi. Mutumin ya ce in dawo yau da yamma. Na ɗauka zan mayar ba ta sani ba."

"Da ya gyara, Mama, da a filin jirgi za a tsare ta da laifin jabu."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Tsarewa? Ita?"

"Ita."

Fortune ta matso da gwiwa har ta dafa ƙafar uwar.

"Mama, ba aikinki aka duba ba. Ba wanda ya buga mini. Ni na cika takarda, ni na nema."

"Don me? Na yi miki laifi ne?"

"Ba ki yi ba. Kin zaɓa a ranar da dole sai an zaɓa, kuma zaɓinki ne ya raya ni. Amma duk inda na je aka duba takarda aka dubi fuskata, sai a ja ni gefe, a kira wannan ya laluba, a kira waccan ta laluba. Na gaji da rantsuwa a kan jikina. Wannan alamar ba cewa take an faɗi ba. Cewa take, yadda Allah Ya yi shi ke nan, ku bar tambaya."

Mama Roda ta daɗe tana kallon kan da ke jingine da gwiwarta. Sannan ta ɗora hannu a kai.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Tsoron jan bironki."

Tsohuwar ta yi wata dariya da ta fito tare da hawaye, Charity ma ta juya tana neman abin kallo a bango.

"Yallaɓai, na janye ƙorafina," in ji Fortune.

"Za ki janye a rubuce. Amma Mama sai ta biyo mu, muna buƙatar bayaninta a kan Ja'afaru. Takardun da ke durowarsa sun ishe shi, ba sai an ambaci abin da ke cikin fasfo ba."

Mama Roda ta miƙe, ta saɓa mayafi, ta miƙo hannayenta biyu a haɗe.

"To sa mini. Wanda ya yi laifi a hukunta shi, haka na koyar."

"Ankwa ɗaya muka fito da ita, Mama, kuma tana hannun mai ita. Ki shiga gaba."

Fortune ce ta riƙe ta har bakin mota, ita ma ta shiga. Maƙwabta suka leƙo, Charity ta ce musu takardun fansho ne za a sa wa hannu, kowa ya koma harkarsa. A baya Ja'afaru na zaune ya haɗa kai da gwiwa.

Sun ɗan yi nisa, tsohuwar ta yi gyaran murya.

"Ƙarfe nawa kika ce motar Abuja?"

"Shida, Mama."

"Kuma ba ki sayi komai ba. Ɗana, in mun gama da ofishinku ka tsaya mini a kasuwa. Daddawa zan saya mata da kuka da yaji. Ƙasar da ba su san daddawa ba, ban san me suke ba ta tana ci ba."

"Mama, motar gwamnati ce fa," in ji Insifekta.

"Gwamnatin ba ta cin miya?"

Insifekta Mahfuz ya dubi Charity ta madubi, ya dubi agogo. Ya ƙara wa motar wuta, don su gama kafin masu daddawa su tashi.